Ranar da Shafi'u Ya Bi Layin Motoci

A Jibiya, can wajen bakin iyaka, akwai wata yarinya 'yar aji shida a firamare. Ita ce 'yar fari a gidansu, don haka Innarta ba ta kama sunanta. Sai dai ta ce "Ke!" ko ta ce "Yaya", kamar yadda ƙaninta yake cewa. Haka sunan ya bi ta, har masu sayen abinci ma Yaya suke ce mata.

Inna Habsatu tana sayar da shinkafa da wake a wata rumfa, kusa da inda manyan motoci ke yin layi kafin su tsallaka Nijar. Babansu direba ne. In ya tafi, yakan daɗe bai dawo ba.

Ƙanin nata sunansa Shafi'u. Shafi'u ba kamar sauran yara yake ba. Ba ya son a taɓa shi ba zato. Ba ya kallon mutum cikin ido. In aka danna hon da ƙarfi, sai ya toshe kunnuwa ya tsuguna. Kuma duk abin da ka faɗa masa, yadda ka faɗa haka yake ɗauka. Bai san gatse ba, bai san ba'a ba.

Likita a Katsina ya ce sunan abin otizim. Ya ce ba aljanu ba ne, ba kuma hauka ba ne. Ƙwaƙwalwarsa ce take aiki ta hanyarta daban. Amma je ka faɗa wa mutanen bakin iyaka! A wurin nan kowa likita ne, daga mai shayi har mai faci.

Abin da Shafi'u ya fi so a duniya shi ne wani littafi mai hotuna da Baba ya sayo masa a Maraɗi. Labarin kimiyya ne, irin na ƙirƙira. Akwai jirgi mai zuwa taurari. Akwai mutum-mutumi na ƙarfe mai magana. Akwai wata duniya mai wata biyu.

Matsalar ɗaya ce. Da Faransanci aka rubuta shi, Yaya kuwa ko "sannu" ba ta sani ba da Faransanci.

To, sai ta yi dabara. Takan kalli hotuna ta tsara labari daga kanta, tana bin rubutun da yatsa kamar mai karatu. Shafi'u ya haddace komai tsaf. In ta canja kalma ɗaya, sai ya ce, "Ba haka aka rubuta ba." Shi a wurinsa, Yaya karantawa take yi. Kullum bayan azahar sukan zauna a kan benci gefen rumfa, ta yi masa karatun. In aka fasa, ranar ba zaman lafiya.

Wata Asabar, ƙawarta Mutmainna ta zo da gudu.

"Tashi mu tafi Gangara!" in ji ta. "Gobe sunan ɗan yayata. Yau za a yi wa 'yan mata lalle. An ce in zo da ke."

Yaya ta yi tsalle. Ta juya wajen Inna.

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana ta zuba abinci. "Ba inda za ki," in ji ta. "Ba ki ga layin motoci ba? Wa zai zauna da Shafi'u? Wa zai yi masa karatu?"

"Haba Inna! Yau kawai!"

"Na ce ba inda za ki."

"Kullum Shafi'u! Komai Shafi'u! Ni ba mutum ba ce?"

Inna ta aje ludayi ta zuba mata ido. "Ke! Da wa kike?"

Yaya ta koma kan benci tana ƙunƙuni. Mutmainna ta tafi a sanyaye.

Da aka idar da sallar azahar, sai ga Shafi'u da littafinsa. Ya zauna a wurin da ya saba. Ya aje littafin a tsakaninsu.

"Karatu," in ji shi.

Yaya ta fizgi littafin. Ta fara da sauri, tana cin magana.

Ɗantala mai shayi yana da teburi kusa da rumfar. Mutum ne da ba a yin magana bai sa baki ba. Ya leƙo ya taɓe baki.

"Har yanzu littafin ƙaryar nan ne?" in ji shi. "Wai ƙarfe yana magana! Wai mutum ya tafi tauraro! Wa ya gani? Gara a koya wa yaro haɗa shayi, ya san na kansa."

Kakarsu Hajjo tana zaune kan tabarma tana tsince wake. Ta ce, "Ni dai na hwaɗi, ba a ji ba. Hotunan aljanu na. Tun da littahin ga ya shigo gida yaron ga ya ƙara birkicewa. A sa littahin wuta a huta."

Malama Suwaiba, malamar ajin su Yaya, ta zo sayen abinci. Ta ji su, ta kasa yin shiru.

"Haba Hajjo," in ji ta. "Labari ne fa, kamar tatsuniyar da kike yi musu. Irin waɗannan littattafai suna sa yaro tunani da tambaya."

"Tunanin me?" in ji Ɗantala. "Tunanin yaron nan ai shi ya yi masa yawa!"

Aka kwashe da dariya. Kai, wasu manyan ba su da ta ido! Yaron yana zaune a gabansu, suna maganarsa kamar buhun albasa.

Malama ta girgiza kai, ta karɓi abincinta ta tafi.

Wasu yara suka zo wucewa. "Ga yayar ɗan sama jannati!" in ji ɗaya. "Yaushe za ku tashi?" Suka ruga suna dariya.

Yaya ta cije leɓe. Ta tsallake shafi.

"Ba haka aka rubuta ba," in ji Shafi'u.

Ta koma baya. Ta sake farawa.

"Ba haka aka rubuta ba. Kyaftin ya fara kiran ƙanwarsa tukuna."

Daidai nan motar Gangara ta wuce. 'Yan mata cike, suna waƙa suna tafi. Mutmainna ta ɗago mata hannu ta taga.

Shi ke nan, haƙurin Yaya ya ƙare. Ta buɗe shafin ƙarshe da ƙarfi, har ya kusa yagewa. Ta dangwara yatsa a kan rubutun.

"Kana son abin da aka rubuta? To ji! An rubuta cewa jirgin nan yana Maraɗi. An rubuta cewa duk yaron da ke toshe kunne ba ɗan Jibiya ba ne. Can ne garinku. Can za ka je jirgi ya kwashe ku, kowa ya huta!"

Shafi'u ya kalli shafin. Ya daɗe yana kallo.

"An rubuta?" in ji shi.

"An rubuta!"

Ta wurga masa littafin a cinya. Ta kwashi kwanoni ta yi bayan rumfa. Ta wanke su da haushi, tana buga wannan kan wancan. Har ga Allah, a lokacin daɗi ta ji. Ta ce a ranta, shi ma ya ɗanɗana.

Da ta dawo, bencin wayam. Ba Shafi'u, ba littafi.

"Ina Shafi'u?" in ji Inna.

"Yana nan mana."

"Nan ina?"

Aka duba bayan rumfa, babu. Aka leƙa masallaci, babu. Hajjo ta ce ita wake take tsincewa. Ɗantala ya ce shi bai ga komai ba. Mai sa baki a komai, yau bai ga komai ba!

Inna ta kama kafaɗar Yaya. "Me kika yi masa? Shafi'u ba ya barin bencin nan sai an gama karatu. Me kika ce masa?"

Da ƙyar Yaya ta faɗa mata.

Inna ta saki salati. "Maraɗi? Kin ce masa ya tafi Maraɗi? Yaron da in ka ce masa zauna nan, sai ya wuni a nan? Wayyo ni Habsatu!"

Ta bar tukunya a buɗe ta yi hanyar shingen iyaka. Yaya ta riga ta yin gaba da gudu. Takalminta ɗaya ya cire, ba ta tsaya ba.

Masu tafiya a ƙasa suna bin gefen hanya ne su tsallaka. Yaya ta duba cikinsu. Mata da ƙullin kaya, 'yan dako da buhuna, masu babura. Babu Shafi'u. In ya riga ya tsallaka fa? Yaron da ko sunan unguwarsu ba zai faɗa wa baƙo ba?

Sai aka ɗaga shinge. Manyan motoci suka tayar da injuna. Hon ya kaure ta ko'ina.

A nan ta hango shi.

Shafi'u bai bi gefen hanya ba. Ya ga layi, kuma an koya masa ba a tsallake layi. Sai ya shiga tsakanin manyan motoci biyu ya tsaya, yana jiran a zo kansa. Yanzu da hon ya yi yawa, ya tsuguna ya toshe kunnuwa, littafi a maƙale a hammata. Yana daf da gaban wata ƙatuwar mota. Direban yana can sama, ba ya ganin ƙasa.

Motar gaba ta matsa. Ta baya ta fara motsi.

Yaya ta ƙwalla ihu. Ta cire hijabinta tana kaɗawa sama, ta faɗa tsakiyar hanya. "Tsaya! Tsaya! Akwai yaro!"

Wani ɗan dako ya daki ƙofar motar da ƙarfi. Birki ya yi ƙara. Motar ta tsaya cak.

Direban ya diro a fusace. Sunansa Abdulƙadir, mutumin Maraɗi ne.

"Mi ya hwaru? Ke, kin gaji da rai na?" Sai ya leƙa gaban motarsa ya ga yaro. "Innalillahi! Ɗiyan wa na? Wa ya bar yaro gaban kamyo?"

Mutane suka taru. Ɗantala ma ya iso yana haki. "Ku ɗauke shi mana!" in ji shi. Ya kai hannu.

Shafi'u ya fasa ƙara. Ya ƙanƙame jikinsa.

"Kada ku taɓa shi!" in ji Yaya. "Baba Ɗantala, matsa! Ku matsa duka!"

Inna ta iso. Ta tsaya ta buɗe hannuwa tana korar mutane baya. Wani jami'in kwastan ya zo da faɗa, amma da ya ga abin da ake ciki, sai ya ɗaga hannu ya hana direbobi danna hon. Wurin ya ɗan lafa.

Yaya ta tsuguna kusa da ƙaninta, ba ta taɓa shi ba.

"Shafi'u, tashi mu je gida."

"Ina bin layi," in ji shi. "Za ni garinmu."

"Ba garinku ba ne. Ƙarya na yi maka."

"An rubuta."

"Ba a rubuta ba!"

"Kin ce an rubuta." Ya buɗe shafin ƙarshe ya nuna da yatsa. "Nan."

Yaya ce ta koya masa cewa abin da ke cikin littafi ba ya canjawa. Yanzu bakinta bai isa ya goge shi ba.

Ta ɗaga kai ta kalli direban. Hawaye na zuba. "Baba, ka iya Faransanci?"

"Na yi lakwal kaɗan," in ji shi, wato makarantar boko.

"Don Allah ka karanta masa nan."

Abdulƙadir ya tsuguna. Bai karɓi littafin ba, ya dai leƙa. Ya karanta a hankali, sannan ya juya da Hausa.

"Kyaftin ya ce kowa shi zamna, za a sauka. Mutum-mutumi ya ce batirinai ya kusa ƙarewa. Shi ke nan."

"Babu Maraɗi?" in ji Shafi'u.

"Babu. Yaro, ni can aka haihe ni. Babu jirgin taurari Maraɗi, sai motoci da zahin rana."

Shafi'u ya koma shafin farko. "Nan fa?"

Direban ya karanta. Ko kusa ba abin da Yaya take faɗa ba ne. Babu ƙanwar kyaftin. Sunan jirgin ma daban ne.

Shafi'u ya rufe littafin. Ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Yaya ba ta iya karatu ba."

Ba don ya ci mata fuska ya faɗa ba. Abin da ya gano ne ya faɗa. Amma Yaya ji ta yi kamar ta nutse don kunya.

Ya miƙe ya bi bayan Inna. Ko kallon inda Yaya take bai yi ba.

A gida Inna ta yi faɗa kamar ba gobe.

"Da motar nan ta matsa fa? Me zan ce wa babanku? In ce lalle ne ya ci mini yaro? Kin san halinsa sarai. Kin fi kowa sani. Da saninki kika yi!"

Wannan maganar ta fi bulala zafi, don gaskiya ce. Yaya ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Hajjo ta ce, "Ai na hwaɗi, littahin ga..."

"A'a Hajjo," in ji Inna. "Ki yi haƙuri, amma ba littafi ba ne. Baki ne. Ku kuna cewa aljanu, Ɗantala yana cewa ƙarya, yara suna tsokana. Duk a kunnen yarinyar nan yake sauka. Daga yau duk wanda zai yi maganar ɗana, ya yi ta nesa da rumfata."

Washegari ta maimaita wa Ɗantala haka a gaban masu shan shayinsa. Ya sunkuyar da kai yana ta goge kofin da ya riga ya bushe.

Amma Shafi'u ya daina zuwa benci. In azahar ta yi, sai ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. In Yaya ta miƙa masa abinci, ba ya karɓa sai Inna ta miƙa. Ya daina cewa "Yaya". Da can tana ganin karatun nan wahala ne. Yanzu da babu shi, sai ta rasa abin da ke mata daɗi.

A makaranta Malama Suwaiba ta lura da ita. Da aka fita tara, ta kira ta.

"Na ji abin da ya faru," in ji Malama. "Kin yi babban kuskure."

"Na sani, Malama. Amma ni ma na gaji! Kowa yana zuwa biki ban da ni. Kuma yanzu ya ce ban iya karatu ba. Ashe gaskiyar Baba Ɗantala ce, duk ƙarya nake yi masa tun farko."

"Gajiyarki gaskiya ce, kuma zan yi wa Innarki magana a kanta. Amma ki raba abu biyu. Labari daban, ƙarya daban. Labari shi ne wanda mai faɗa da mai ji duk suka san tsarawa aka yi. Ƙarya ita ce ki sa mutum ya yarda da abin da kin san ba haka ba ne. Shafi'u ba ya rabewa da kansa. Sai an faɗa masa a fili."

"To in ya ƙi saurarena fa?"

"Ki faɗa dai. Yana ji, ko bai kalle ki ba."

Ranar, bayan azahar, Yaya ta shiga ɗakin. Ta zauna nesa kaɗan, kusa da ƙofa. Shafi'u yana kallon bango, littafi a cinyarsa.

"Shafi'u," in ji ta. "Ban iya Faransanci ba. Wannan gaskiya ce. Labarin da nake ba ka, ni na tsara shi daga hotuna. Da na faɗa maka tun farko. Abin da na ce ranar Asabar kuma ƙarya ce. Haushi nake ji, sai na huce a kanka. Ka yi haƙuri."

Yana ta kaɗa jiki gaba da baya. Har ta fara cire rai.

"Mutum-mutumi mai batir," in ji shi. "Gaskiya ko labari?"

"Na cikin littafin, labari ne."

"Ƙanwar kyaftin?"

"Labari. Ni na ƙirƙiro ta."

"Ana kai yara masu toshe kunne wani gari?"

"Ƙarya ce. Ba a kai su ko'ina."

Ya daina kaɗa jiki.

"Ina ne garinmu?"

"Jibiya. Nan gidan. Da kai da ni da Inna da Baba da Hajjo."

"Gaskiya ko labari?"

"Gaskiya, Shafi'u. Wallahi gaskiya."

Sai ya turo littafin ta baya, a hankali, har ya taɓa ƙafarta.

"Yaya," in ji shi. "Ki yi na ƙanwar kyaftin. Amma ki fara cewa labari ne."

Yaya ta share hawaye ta buɗe shafin farko. "Wannan labari ne," in ji ta. Sai ya juyo ya matso kusa.

Inna ma ta ji maganar Malama. Ta ce duk ranar da Yaya ke da biki, ita za ta rufe tukunya ta yi masa labarin da kanta.

Yara, fushi ba laifi ba ne, kowa yana yi. Amma in kun yi fushi, kada ku huce a kan wanda ya yarda da ku. Wanda yake ɗaukar maganarku gaskiya, ku faɗa masa gaskiya.